Malam Lurwanu Ya Je Jidda Zaɓen Jirgi

Shekara talatin da wani abu Malam Lurwanu yana saɓa garwa biyu a kafaɗa yana sayar da ruwa a lungunan unguwar Misfala ta Makka, kuma duk gidan da ya shiga sai ya gaya musu shi fa masunci ne, ɗan masunta, daga Yawuri. Wa zai yarda? Garin Makka ko kududdufi babu. Matarsa Shatu ma, da ya aura a Sudan kan hanyar zuwa, ba ta taɓa ganin sa cikin ruwan da ya wuce idon sawu ba. In ya fara labarin giwan ruwan da ya kama yana saurayi, sai ta ce, "Tayyib, Malam, miƙo min murfin tukunya."

Wannan "tayyib" ɗin, wato "to, na ji" da Larabci, ita ke cin ransa. Dariyar mutanen unguwa ba ta dame shi ba, amma a ce matar da ta haifa masa 'ya'ya shida tana yi masa kallon mai shara ƙarya? Haba!

Da gwiwa ta ƙi, 'ya'yansa suka karɓe garwa, sai ya rantse ba zai mutu ba sai ya ajiye wa Shatu kifin da ya kama da hannunsa. Ya fizge wa zakaranta gashin wutsiya ya ɗaura a ƙugiya, don kifi ya ɗauka fara ce. Ya ari doguwar sandar tanti wajen amininsa Dawuda, mai kafa tantuna a Mina, ya kuma ja Dawudan suka hau lori sai Jidda.

A bakin teku suka sami wani Balarabe mai sayar da jirage. Ya nuna musu babba mai ƙyallen iska. Malam Lurwanu ya taɓe baki, ya ce wannan ai na ragwaye ne, masu jiran iska ta yi musu aiki. Ya nuna wani, ya ce ya cika tumbi. Can ya hango ɗan siriri da aka fafe daga itace guda, wanda suke kira huri. Ya ƙwanƙwasa cikinsa, ya sunsuna, idonsa ya ciko.

"Dawuda, ga kwalekwale irin na gida!"

Balaraben ya yarda ya gwada kafin ciniki, ya miƙo masa filafilin tuƙi. Tsoho ya ture filafilin, ya ƙi karɓa. A Yawuri, in ji shi, da sanda ake tokare ƙasan kogi a tura jirgi, kuma ga tasa.

"Ya shaikh," in ji Balaraben, "wannan bahar ne fa."

"Ruwa dai ruwa ne," in ji Malam Lurwanu.

Wallahi da farko abin gwanin sha'awa. Ya miƙe tsaye a bayan jirgi, ya tokara sanda, ya tura, jirgi ya tafi sumul. Ciwon gwiwa ya ɓace. Har ya juyo yana ɗaga wa Dawuda hannu. Ya tokara na biyar, na shida. Da ya sake cusa sanda da dukan ƙarfinsa, sai ta wuce zuruf, babu ƙasa, ta kusa tafiya da shi. Ya sake ta, ya faɗa cikin jirgi rigingine, rawani ya yi nasa waje.

To fa. Babu sanda, babu filafili, ruwa na jan sa, Jidda na ƙanƙancewa. A gaɓa Dawuda na ihu, rabi don amininsa, rabi don sandar tantinsa. Tsoro ya kama Malam Lurwanu sosai, ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Sannan ya tuna abin da ya kawo shi. In mutuwar ce, gara ta same shi yana su. Ya jefa ƙugiya.

Da Balaraben ya cim masa a babban jirgi yana zazzaga masifa, sai ya tarar da tsoho zaune yana kuka yana dariya, ga kifi ɗan kamar tafin hannu yana tsalle a cinyarsa. Ciniki dai bai yiwu ba, don mai jirgi ya ce ba zai ɗauki alhakin rai ba.

A hanyar komowa lori ta lalace a Bahra, suka yini cikin rana. Kifi ya fara magana. Fasinjoji suka toshe hanci, suka roƙe shi don Allah ya jefar, ya ƙi, ya ƙara cusa shi cikin riga.

Shatu ta ji warin tun yana ƙofar gida. Ya ajiye mata a faifai, ya tsaya babu rawani, hanci ya saɓule da rana, yana jiran abin da za ta ce. Ta dubi kifi, ta dube shi, ta daɗe. Sai ta ɗauki kifin. Ta wanke shi da lemun tsami, ta soya, ta zauna gabansa ta cinye har kai, idonta na ruwa.

Ta siɗe yatsa ta ce, "Malam, in za ka koma, ka tafi da gishiri ka barbaɗa masa tun a can. Kuma ka kamo babba, yara ma za su ci."