Mutum Biyu da Za Su Raka Lord Pickersgill

Ranar Alhamis da safe aka bugo waya, Doreen Pickersgill tana tsaka da shafa wa burodi man shanu. Sakatariyar Lord Fenwick ce, da wata siririyar murya. Wai maigidanta yana ba da haƙuri, uzuri ya taso, ba zai samu raka Mista Pickersgill shiga Majalisar Dattawa ranar Talata ba.

Doreen ta san uzurin. Ga shi nan shimfiɗe kan tebur, a shafi na biyar na jarida, da hoton mijinta Leonard yana washe baki.

Al'adar majalisar kuwa ba ta lanƙwasuwa. Sabon Lord ba ya shiga shi kaɗai kamar wanda ya zo karanta mitar wuta. Sai mutum biyu masu irin sarautarsa sun sa jar alkyabba, ɗaya gaba ɗaya baya, shi a tsakiya. In babu biyun sai a ɗage bikin. Ita kuwa Doreen ta riga ta ɗauki hayar bas don dangi ashirin da biyu daga garinsu Dewsbury zuwa Landan, ta kuma gaya wa duk matan cocinsu.

"Len! Sauko nan!"

Ya sauko a hankali, riƙe da gefen alkyabbar da aka ara masa don gwaji. A kan kayan barci ya ɗora ta, bawan Allah. Mutumin da ya fara sayar da katifa a bayan tsohuwar mota, yau yana da ma'aikata ɗari shida, amma ga shi yana shafa farin gashin wuyan riga kamar kyanwa.

"Fenwick ya fasa."

"Saboda me?"

"Saboda me, in ji ka? Shekara goma sha ɗaya kana zuba wa jam'iyyar gwamnati kuɗi. Shekara goma sha ɗaya ina bin ka liyafa ina cin busasshiyar kaza. Ashe kafin zaɓe ka zagaya ta baya ka ba 'yan adawa su ma!"

"Ai kasuwa ce, Dor. Ke kin taɓa ganin na sayi soso a hannun mutum ɗaya? In nasa ya ƙare fa?"

"Jam'iyya ce, ranka ya daɗe, ba soso ba!"

Wanda ya rage musu shi ne Lord Thackray, mai shekara tamanin da takwas, shi ma don ba ya karanta komai a jarida sai shafin tseren dawaki.

To, Doreen ta zauna da waya. Lord goma sha ɗaya ta kira. Huɗu dai duk ranar Talatar za su ga likitan haƙori. Matar wani ta ce ya fita, alhali Doreen tana jin tarinsa. Da ta juya ga 'yan adawa, wani dattijo ya gaya mata cikin ladabi cewa abin da aka ba su bai kai rubu'in na wancan ɓangaren ba, kuma sun lura. Duk wannan fa Leonard yana sama yana koyon rusunawa a gaban madubi. Tana jin katakon bene yana ƙara duk lokacin da ya duƙa.

Ranar Asabar ta sa kwat ɗinta, ta ja mota zuwa gidan Pauline Oldroyd.

Benci ɗaya suka zauna a firamare. Pauline ta yi ɗinkin rigar katifa a masana'antar Leonard, ita ce kuma ta ja masa yajin aiki na mako tara. Daga nan ta yi ta hawa a ƙungiyar ƙwadago har aka ba ta tata sarautar, ta zama Lady Oldroyd. Shekara talatin ba ta yi wa Leonard ko sannu ba.

"Doreen Pickersgill a ƙofata! Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. Ɗora ruwan shayi."

Pauline ta saurari labarin, ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido.

"Duka biyun? Kai, Len! Bai canza ba."

"Ni ba don shi na zo ba, ƙawata. Ni ce zan shiga coci gobe."

"Na gane. Zan raka shi. Amma ya mayar da minti goman nan."

"Wane minti goma?"

"Na hutun shayi mana. Ashirin ne da, ya yanke shi zuwa goma, muka yi mako tara a kan titi cikin ruwan sama, ya ƙi. Litinin da safe nake so a liƙa takarda a allon sanarwa, da sa hannunsa. Ina da mai gaya mini a sashen ɗinki."

"Pauline, shekara talatin fa!"

"Su ma shekara talatin ke nan suna ƙona baki da shayi."

Da Doreen ta kai masa saƙon, Leonard ya miƙe tsaye, fuska ta yi ja kamar alkyabbar.

"Matar nan? Gara in shiga da direban tasi!"

"Direban tasi ba shi da sarauta."

"Minti goma, mutum ɗari shida, kullum! Kin san ko nawa..."

"Ban sani ba, ba na kuma son sani. Ka ba 'yan siyasa abin da zai gina asibiti don ka sa rigar nan, yanzu shayi ne zai kashe ka? Ga biro."

Bai karɓa ba. Ya shige gareji ya yini yana goge motar da ba ta yi datti ba. Ranar Lahadi ya ƙi cin gasasshen nama, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Doreen ba ta lallashe shi ba. Ta ajiye takardar da biron kusa da farantinsa, ta tafi ta yi wa hularta turare.

Litinin da ƙarfe goma da minti ashirin da biyar waya ta yi ƙara.

"An liƙa takardar. Sun zauna minti ashirin cif," in ji Pauline. "Da biskit zai haɗa?"

"Kada ki ƙure ni, Pauline."

Ranar Talata Doreen tana saman bene na baƙi, takalmi yana cizon ta, ƙanwarta Brenda a gefe. Suka shigo a jere: Pauline a gaba tana taku kamar mai zuwa karɓar albashi, Leonard a tsakiya yana gumi, tsoho Thackray a baya yana ɗan karkacewa hagu. Aka karanta takardar sarauta. Leonard ya yi rantsuwa, ya sa hannu. Ya tashi zai rusuna inda ba a rusunawa, Pauline ta waiwayo ta harare shi, ya miƙe zumbur. Ya gaisa da shugaban majalisa, dattawa suka ɗan yi gunaguninsu na maraba, rabinsu ba su ma ɗago kai ba. Aka fice ta ɗaya ƙofar.

Brenda ta leƙa ƙasa, ta dubi agogonta, ta dubi yayarta.

"Yaya, sai kuma me?"

"Shi ke nan."

"Shi ke nan? Awa biyar muka yi a bas!"

"Ɗauki jakarki, Brenda," in ji Doreen. "Kuma kada ki ce mini uffan har mu isa ƙasa."