Usur Uku a Bakin Teku

Wata takwas ina aiki a shagon kafinta na Papa Ebo a Sekondi, ban taɓa gaya masa na yi shekara uku a gidan yari ba. Da ya tambayi inda nake a da, na ce Abijan, wajen kawuna. A wata na shida ya ba ni mabuɗin shago, ni ke buɗewa da safe. Na sa masa igiya na rataya a wuya.

Sai cocin su Papa Ebo ya shirya tseren gudu don a taimaka wa waɗanda suka fito daga kurkuku su sami sana'a. Kilomita goma, daga bakin teku zuwa filin wata makaranta. Papa Ebo ya rubuta sunanmu: shi, da ni, da Ato abokin aikina.

"Maigida, da wannan tumbin?" in ji Ato.

"Tumbin nan ya girme ka. Kai dai ka ji da ƙafafunka, sillan kara."

 Gudu bai dame ni ba, zama wuri ɗaya ne ke damuna.

Ranar Asabar da safe muka taru, mun kai mutum ɗari huɗu. Riga iri ɗaya aka ba kowa, ruwan ɗorawa, don kada a gane wanda ya taɓa shiga da wanda bai taɓa ba. Na hango fuskoki biyar ko shida da na sani. Ba mu gaisa ba. Kowa ya duba takalminsa.

Wani tsohon ganduroba da ya yi ritaya aka karrama, aka ce shi zai tayar da mu. Ya ciro usur daga aljihu, ya busa yadda bakinsa ya saba: gajeru, sau uku. A gidan yari, usur uku ƙirga ce. Duk inda ta same ka sai ka tsuguna, hannu a ka, har a gama lissafa kawuna.

Ban yi tunanin komai ba. Na ga dai ƙafafu suna wuce ni ta hagu da dama, ni kuma ina ƙasa, hannuwana a ƙeya. Da taron ya yi gaba sai titi ya buɗe. Mu wajen talatin ne a tsugune, a warwatse, kamar duwatsun da ruwa ya janye ya bari. Tsohon ya tsaya da usur a baki, bai san inda zai sa idonsa ba.

Papa Ebo yana tsaye a kaina. Bai tafi ba.

"Fiifi, tashi," ya ce. "Mutane sun yi nisa."

Na tashi. Muka bi titin bakin teku a hankali, don gudunsa bai fi saurin tafiya ba. Warin kifin da ake banda yana bugun hanci. Mata masu sayar da dokunu, tuwon masara na cikin ganye, suna tafa mana. Ina jin mabuɗin yana dukan ƙirjina, ban da shi ba na jin komai, ko kunya.

Sai da muka wuce kilomita huɗu ya yi magana.

"Abijan ɗin nan, shekara nawa?"

"Uku, Maigida."

"Me ya kai ka?"

"Shago muka fasa. Na kayan waya."

Ya yi ta haki, bai ƙara tambaya ba. Da na so, da na bar shi a nan, in yanke ta lungun masunta, in hau motar Tarkwa. Na saba da irin wannan. Ƙafafuna dai suka ci gaba da bin nasa.

Mu ne kusan na ƙarshe. Aka rataya mana lambar yabo ta roba. Ato ya zo yana dariya da ledar ruwa a baki.

"Yallaɓai, ashe kai ne ka tsaya jinyar tsoho? Ina kuka maƙale?"

"Igiyar takalminsa ce ta kwance," in ji Papa Ebo. "Je ka samo mana inuwa."

Da Ato ya tafi, na cire igiyar mabuɗin daga wuyana na miƙa masa. Bai ce in kawo ba. Ya dubi mabuɗin ya daɗe, yana share gumi. Na ɗauka zai ture hannuna. Ya karɓa ya sa a aljihu.

"Litinin, ƙarfe bakwai," ya ce. "Kujerun makarantar nan ba mu gama su ba."

"To, Maigida."

Ranar Litinin shida da rabi ta yi mini a ƙofar shago, kamar kullum. Na kai hannu wuya, na tuna. Na tsaya gefen ƙofa, fuska ga bango kaɗan, hannu a baya. Jiran a buɗe mini ƙofa ba ya ba ni wahala. Bakwai saura biyar na ji ƙarar babur ɗinsa.