Cakulan a Kan Keken Auta

Rana ɗaya likita ya hana su cakulan, Yaya da ƙanwarta Auta, domin ciwon suga gadon gidansu ne, na Auta ma ya fi hawa. Auta ta dawo shagonsu na ɗinki ta watsar da abin kamar ba ta taɓa saninsa ba. Yaya kuwa ta ci gaba da ɓoye nata a aljihun tebur, ƙarƙashin zare, tana gutsira idan an juya baya.

Abin da ya fi ci mata rai, ita ce mai awo a shagon. Duk rigar da ta yi wa Auta yawa, gabanta ake kawowa ta rage ƙugu. Sai ta zagaya tef a jikin ƙanwarta, ta ga awon ya sake sauka, ta ce "to" kamar an taka mata ƙafa. Masu kawo ɗinki kuma ba su da ta ido.

"Auta, kin koma budurwa fa," in ji su. Sannan su dubi Yaya sama da ƙasa su ce, "Ke kuma Allah ya ƙara lafiya."

Hassada ce tsagwaronta, Yaya ma ta sani, sanin bai rage mata komai ba. Wata safiya ta sayo irin wanda Auta ta fi so, mai gyaɗa a ciki, ta ɗan yage bakin takardar don ƙamshi ya fito, ta ajiye a gefen keken Auta.

"Wata ce ta manta shi, ki bar mata a nan," ta ce.

Sai dai tarkon ya zo da sharaɗi. In har tana son ta ce "ni dai na daina" ranar da Auta ta faɗa tarkon, dole ya zama gaskiya. Haka ta kwashe na aljihun tebur ta zubar. Idan kwaɗayin ya taso mata bayan azahar, har yawunta na tsinkewa, sai ta kalli ƙugun Auta, haushi ya cika mata ciki, ta kurɓi ruwa ta ci gaba da taka keke. Kwanaki suka yi ta wucewa, cakulan yana nan, mai shi ba ta zo ba.

Ran nan aka yi zafi, fanka ta tsaya, cakulan ya fara narkewa, ƙamshinsa ya cika shagon. Keken Auta ya yi shiru. Yaya ta saci kallo cikin murna. Auta ta miƙa hannu a hankali. A nan Yaya ta ga kan yatsunta, duk ɗigo-ɗigon baƙi. Ba na allurar ɗinki ba ne, na allurar da take tsira wa kanta kowace safiya ne don gwada suga.

Yaya ba ta san lokacin da ta tashi ta fizge cakulan ɗin ba. Ta cusa shi a kwandon ƙyallaye, ta danne da ƙafa.

Auta ta rufe fuska ta fashe da kuka.

"Yaya, wallahi kishinki nake ji. Tun da aka ajiye abin nan ba ni da sukuni, har mafarkinsa nake yi. Ke kuwa ko kallonsa ba kya yi. Yaya kike yi ne? Ki koya mini."

Yabon da Yaya ta daɗe tana jira ke nan, daga bakin da ta fi so ya fito, sai ga shi bai yi mata daɗi ba. Kunya ta kama ta har ta kasa ɗaga ido.

"Ruwa nake sha," ta ce, ta tura wa Auta gorarta.