Kibiyoyin Alli a Tsakar Gida

"Kada ka taimake ta, Dimcho. Na'ura ba ta da tunani."

Malam Stoil ne ya raɗa mini haka, ina goye da shi a gindin matakalar benenmu. Cuta ta cinye shi, sai ka ce rigar sanyinsa kawai na ɗauka. A tsakar gida 'yata Nevena na tsaye da alli a hannu, ta cika siminti da zanen kibiyoyi har zuwa rumfar inabi.

Ƙofarsa na kallon tamu. Ya tsufa yana koya wa manyan 'yan firamare yadda ake ba kwamfuta umarni, kuma ba da kwamfuta yake farawa ba. Yaro ɗaya zai zama na'ura, ɗaya ya ba shi umarni daki-daki, na'ura kuwa abin da aka faɗa mata kaɗai take yi. Nevena na aji biyar. Malamarta ta ce in ba ta tsaya gaban aji ta tsara nata umarnin ba, za a ba wani gurbinta a ajin kwamfuta. Yarinyar ta iya, amma da an zuba mata ido sai bakinta ya mutu. Ni direban bas ne, uwarta na Italiya tana jinyar tsofaffi. Abin ya hana ni barci.

Ranar nan Malam ya ce yana son ya ga inabinsa, amma ni ne na'urar, Nevena ce za ta kai mu. Ya sa na rufe ido.

Muryarta ta fito kamar ta sauro. Ta ce in yi gaba, na yi gaba. Da ido a rufe tsakar gidan ta yi faɗi kamar fili. Ina jin ƙamshin tattasan da mata ke gasawa don ajiyar hunturu, ina jin numfashin tsohon a wuyana, sai na ga kamar a cikin ruwa muke tafiya. Ta ce in juya dama in yi ta tafiya. Na san igiyar shanya na nan. Na fara karkacewa, Malam ya ja mini kunne.

"Wa ya ce ka kauce, sarkin fargaba?"

Haka muka shige cikin zanen gado mai danshi. Ya naɗe mu, ni da shi, komai ya yi fari. Na buɗe baki zan gaya mata gyaran, Malam ya toshe shi da tafin hannunsa mai sanyi. Can na ji dariyarta, wadda na jima ban ji ba.

"Malam, ban faɗa masa inda zai tsaya ba!"

"To, 'yar gidana, laifin na'ura ne?"

"A'a. Baba, koma baya. Juya hagu. Yi ta tafiya har ganye ya taɓa goshinka, sannan ka tsaya."

Da ƙarfi ta faɗa, har mata suka leƙo ta taga. Ganye ya taɓa goshina, na tsaya. Malam ya tsinki inabi ɗaya, bai ci ba, ya riƙe shi yana kallon rana ta cikinsa.

Bai ƙara saukowa ba. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, Nevena na makaranta. Bisa al'adarmu, aka rufe madubin ɗakinsa da ƙyalle, aka liƙa hotonsa a ƙofar bene, muka raba dafaffiyar alkama da sukari.

Ranar da za ta tsaya gaban aji na musanya lokacin aiki da wani direba, na laɓe a bayan tagar makarantar. Na ga ta yi kuskure. Bakina ya motsa zai faɗi gyaran, na kame shi. Ta tsaya, ta dubi allo, ta goge layi ɗaya, ta ci gaba. Gurbin ya zama nata.

Da yamma aka yi yayyafi, kibiyoyin suka fara narkewa a siminti. Na sauko zubar da shara na tarar da ita a tsugune tana maimaita su da sabon alli. Ba ta ɗago ba. Na ajiye bokitin a gindin matakala, na rufe ido, ina jira.