Manaja da Gilashin Ɗari Shida

Wata uku da yin ritaya daga banki, mijin yayata ya gano cewa ashe shi mai ɗaukar hoton namun daji ne. Har yau Manaja ake ce masa, ko da yake babu abin da ya rage a ƙarƙashinsa sai rimot ɗin talabijin. Ya sayi kyamara, ya sayi riga mai aljihu goma sha biyu, sannan wata safiya ya faɗo shagona, inda na shekara ashirin ina gyaran kyamarori da sayar da kayansu.

"Gilashi nake so wanda zai kawo mini zaki har gaban hanci," in ji shi. "Ranar Asabar kuma Auta za ta yi tseren ƙarshe a gasar makarantu. Da ita zan fara gwaji."

Auta 'yarsu ce, shekararta sha bakwai. Shekara biyu ta yi tana atisaye saboda wannan tsere na mita ɗari huɗu.

Na ɗora masa gilashi biyu a kan kanta. Na farko mai milimita ɗari zuwa ɗari huɗu ne, ana murɗa shi ya jawo abu kusa ko ya sake shi, kuma mutum zai wuni da shi a hannu. Na biyu ɗari shida ne tsayayye, ba ya gaba ba ya baya, tsawonsa kamu biyu, nauyinsa ya kai na jariri mai ƙiba.

"Manaja, ɗauki ƙaramin," na ce. "Mai gudu yanzu yana nesa, kafin ka ƙifta ido yana kanka. Babban na masu haƙuri ne, waɗanda ke kafa shi a kan ƙafa uku su wuni suna jiran tsuntsu ya sauka. A dajin ma cikin mota za a zaga da kai, ina za ka juya wannan?"

Ya saurare ni irin sauraron da yake yi wa masinja a ofis.

"Wanne ƙwararru ke riƙewa a talabijin?"

"Babban. Amma su can ƙarshen fili suke zama, ga wata kyamarar rataye a wuya."

"To ai ka gama magana."

Ya rungumi babban, ya juya yana kallon kansa a madubin shago. Na ce ya haɗa da ƙafa ukun, ya ce nasa biyun sun ishe shi.

Ranar Asabar mai gadin fili ya ga gilashin, ya zaci ɗan jarida ne, ya buɗe masa ƙofar shiga ciki. Nan kan Manaja ya ƙara girma. Ya je ya toge taku biyar daga layin ƙarshe. Na sauko daga wurin 'yan kallo na ce ya ja baya sosai, wurin ya yi masa kusa.

"Koma wajen yayarka, kana tare mini haske," ya ce.

Awa guda ya yi yana ɗaga gilashin yana saukewa don mutane su gani. Kafin a kira 'yan mata, hannunsa ya riga ya gaji. Da aka busa usur sai ya shiga laluben Auta a fili, kamar mai neman allura ta cikin bututu. Ita kuwa ta huɗu ce a kwanar ƙarshe. Ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, ta kamo ta gaba a bakin layi, ta riga ta da ƙirji. Yaya ta riƙe hannuna tana hawaye. Ba ta ɗauki komai ba, domin tun a mota mijinta ya gargaɗe ta kada ta kunyata shi da hoton waya.

Da la'asar ya tara mu a falo har da maƙwabta, ya jona kyamarar da talabijin. Hoto ɗari biyu da sha huɗu. Ciyawa. Sama. Takalmin wata yarinya. Tumbin alƙalin wasa, tar da shi har maɓalli. Can sai ga kunne da rabin kitso sun cika allo.

"Ga ta nan," in ji Manaja. "Ku dubi ingancin aiki."

Yaya ta matsa kusa ta duba. "Wannan ba kunnen 'yata ba ne."

Auta na zaune a hannun kujera da lambar yabonta a cinya. Ta miƙe ta shige ɗaki. Maƙwabta suka fara tuna cewa sun bar aiki a gida.

Ranar Litinin Manaja ya dawo shago wai gilashin na da matsala. Na kafa shi a ƙofa, na ɗauko hoton wata tattabara a kan falwaya tsallaken titi, har ana iya ƙirga gashin wuyanta. Ya daɗe yana kallo, yana matsa kafaɗarsa da ke ciwo.

"Ƙarfinsa ne ya yi kaɗan," ya ce. "Akwai mai ɗari takwas?"

Bayan ya tafi da kamar awa biyu Auta ta shigo da kayan makaranta. Ta miƙo mini waya. Mahaifiyar yarinyar da ta zo ta biyu ce ta ɗauki hoton 'yarta, Auta ta fito a gefe, dishi-dishi, an yanke mata hannu ɗaya.

"Kawu, za a iya fitar da ni daga nan?"

Na yanko ta, na gyara iya abin da zai gyaru, na wanke mata babba.