Shafin Godiya

Shekara biyu Tabita ta yi tana haɗa aikin ƴan sanda da karatun master na shari'a. Da safe tana kan titi da usur a baki, da la'asar ta cusa hula cikin jaka ta haye gada zuwa jami'a. Da ba don birgadiye Oumarou ba, da abin bai yiwu ba. Shi ne shef ɗinta, shi ke rubuta sunayen masu aiki a allon komisariya, ofishinsu na ƴan sanda. Duk ranar da take da darasi sai ya goge sunanta da gefen hannu ya mayar da shi wata rana, yana tsokanarta wai in ta zama komiser, shugabar komisariya, kada ta tura shi gadin kasuwar awaki.

Yanzu saura sutnans kawai, wato ranar da za ta kare memuwar ɗinta, littafin binciken da ta rubuta, gaban malamai uku. An sa alhamis, ƙarfe goma. Ɗaya daga cikinsu baƙo ne daga wata ƙasa, juma'a zai koma. In ta rasa wannan zaman sai baɗi, kuma baɗi shekarunta sun wuce na shiga jarrabawar komiser.

Al'ada ce mai memuwar ya kai wa manyansa kofin littafin. Kowa ya san ba karantawa suke yi ba, shafin godiya kaɗai ake buɗewa. Tabita ta rubuta nata kamar yadda ta gani a na waɗanda suka riga ta: Allah, iyaye, malamin da ya bi aikin, sai komiser ɗinsu, wanda ko sunanta bai riƙe ba amma ya samu layi uku. Har matar da ke yi mata fotokofi ta shiga. Oumarou, da take gani kullum kamar ƙofar ofis, bai faɗo mata ba.

Ranar litinin ta miƙa masa littafin da hannu biyu. Ya buɗe, ya bi shafin da yatsa har ƙasa, ya juya ya duba baya ko akwai ci gaba. Sannan ya rufe, ya ce ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Ita kuwa ta fita tana murna.

Ranar laraba ta ga sunanta a allo: alhamis, unguwar Plateau, ƙarfe bakwai zuwa biyu. Ta ɗauka mantuwa ce, ta je ta tuna masa tana dariya. Bai ɗaga kai ba. Ya tambaye ta ina takardar neman izini, wadda doka ta ce a ajiye kwana uku kafin ranar. Cikin shekara biyun nan bai taɓa tambayarta takarda ba.

"Shef, gobe ne fa," ta ce.

"Ni ƙaramin birgadiye ne, Madam komiser. Je ki ga wanda kika gode wa."

Nan ta gane. Ta ba shi haƙuri, ya ce bai san laifin da ta yi masa ba. Ta hau sama wurin komiser, sakatare ya ce yana taro, kuma ko da yana nan, irin wannan buƙata ta hannun shef ɗinta take biyowa.

Ranar alhamis ta tsaya a mahaɗar da aka ba ta. Barin wurin aiki ba izini kora ce, ta sani, har a memuwar ɗinta akwai babi a kan ladabtar da ma'aikata. Wayarta ta yi ta motsi cikin aljihu. Babanta, Malam Bitrus, yana can cikin zauren jami'a da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Mamarta da matan zumuntar coci sun kawo dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, kula uku. Ƙarfe goma ta yi, Tabita tana ɗaga wa motoci hannu. Malaman suka jira har sha ɗaya da rabi suka tashi. Abincin, ɗalibai aka raba wa.

Da ta koma gida Kirkissoye, Malam Bitrus ya sa tabarau ya karanta shafin godiyar sau biyu, irin karatun tsohon malamin makarantar lakwal. Bai yi faɗa ba. Ya ce a gyara, tunda har yanzu ƙarƙashin mutumin take.

Ta sake buga shafin, aka warware littafin aka ɗinke. Sunan Oumarou ya zo bayan na iyayenta, gaban na komiser. Ranar litinin ta kai masa. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi, ya sa cikin durowa ya kulle.

"Ai da ba ki wahalar da kanki ba, ƙanwata," ya ce. "Baɗi sai ki faɗa mini da wuri."

Ya tashi ya je allo, ya goge sunanta daga duk aikin la'asar na satin. Tabita ta tsaya tana kallon guraben. Ba ta da sauran darasi.