Harshen Gora Mai Lamba Huɗu

Shekara talatin ina gyaran abin busan nan, saksofon, a Yokohama ta ƙasar Japan, amma ban taɓa ganin mai taurin kai irin Baba Nagamine ba.

Da ƙuruciyarsa shi ke busa babban saksofon, mai kaurin muryar nan, a gidan rawa na bakin tashar jiragen ruwa. Can ya haɗu da matarsa, Sumie. Da gidan ya rufe ya sayar da abin busarsa. Yanzu kunnen Sumie ya yi nauyi, sai sauti mai kauri take ji, kuma likita ya ce wannan ɗan jin ma ba zai daɗe ba. Shi ya sa Baba ya zo sayen wani, ta ƙara jin busarsa.

Na jera masa tsofaffi guda uku, duk sun girme ni. Ya zaro bakin busarsa daga aljihu, ya ce in ɗaura masa harshen gora, ɗan siririn da ke kaɗawa ya ba da sauti, mai lamba huɗu, mafi tauri, irin wanda yake busawa yana ɗan ashirin da biyar. Na ce ya gwada mai laushi. Ya harare ni, wai wannan na 'yan makaranta ne.

Ya juya ya fuskanci bango yadda mabusa ke yi, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, ya ce muryarsa ta bushe. Na biyu, wai kamar mai mura. Na uku ma bai tsira ba. Kai, ba laifinsu! Numfashin ne babu. Sumie na zaune da jaka a cinya, tana murmushin wanda bai ji komai ba. Wallahi sai da ta ba ni tausayi.

Na kawo musu shayi. Yana kurɓa yana ba ni labarin gidan rawar, na faki idonsa na sauya harshen da mai laushi, mai lamba biyu.

Ya koma kan na farko. Sautin ya fito da kauri har gilashin shagona ya ɗauki rawa. Sumie ta ɗago kai.

"Baban yara," ta ce, "har yanzu kana jan ƙarshen waƙar nan fiye da kima."

Ya share ido, ya ce wannan zai saya, dama tun farko ya san shi ne.

A bakin ƙofa ya dawo shi kaɗai, ya rage murya.

"'Yar nan, wanda kika sauya ɗin. Ba ni kwali biyu."